Idan Fitilar Mota Ta Yi Gumi: Raɓa Ce Ko Ruwa Ta Sha?

Duk wanda ya saba yin sammako zuwa wuraren da ake baje motocin sayarwa a Maraɗi, ko Birnin Ƙonni, ko Gaya, musamman a tsakiyar damina, ya san wannan gardama. Mai saye zai zagaya mota, ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya sa a tayar da inji ya saurara, komai ya yi masa daidai har an fara maganar kuɗi, sai idonsa ya faɗa kan fitilar gaba ya ga ta yi fari-fari kamar an hura mata numfashi. Ya sa hannun riga ya goge, abin ya ƙi goguwa, domin daga ciki yake. Nan take sai ya ja da baya ya ce, "Alhaji, ai wannan motar ta sha ruwa." Shi kuma dillali ya shiga rantse-rantse yana cewa, "Haba maigida, raɓa ce kawai, kafin hantsi za ta washe."

Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne, kowane ɗayansu yana iya zama mai gaskiya. Akwai gumin da ba ya nuna komai face sanyin safiya, akwai wanda ke nuna fitila ta sami kafa, akwai kuma wanda yake tona asirin cewa motar ta taɓa nitsewa a ambaliya kafin ta iso hannunmu. Wanda bai iya rarrabe su ba, ko dai ya bar mota mai lafiya saboda tsoro, ko ya zuba jarinsa a kan wahala. Shi ma mai sayarwa sau da yawa yakan rage kuɗi masu kauri a kan abin da bai kai ya kawo ba, don kawai ya kasa yi wa mai saye bayani.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fitilar motar zamani ba a toshe take ruf ba. Da gangan masu ƙera ta suka bar mata ƙananan kafofi a bayanta, wasu da ɗan bututun roba mai lanƙwasa da ke kallon ƙasa, wasu da ɗan murfi, wasu kuma da wani ɗan ƙyalle na musamman mai barin iska ta wuce amma ya tare ɗigon ruwa. Dalili kuwa, idan aka kunna fitila iskar da ke ciki takan ɗau zafi ta kumbura, dole ta sami mafita. Idan aka kashe ta huce, sai ta tsuke ta jawo wata iskar daga waje. Ke nan fitila numfashi take yi dare da rana. A da can akwai irin fitilar da ake haɗa gilashi da madubi da zaren wuta wuri guda a liƙe, in ta mutu a jefar da ita gaba ɗaya. Dokar Amurka ta tilasta amfani da irin wannan daga shekarar 1940 har zuwa 1983, kuma ita kam ba ta gumi muddin ba ta fashe ba. Amma tun da aka koma ga manyan fitilun roba masu ƙwan da ake cirewa a sake, gumi ya zama abin da ake zaune da shi.

To daga ina ruwan ke fitowa? Mai sayar da ruwan leda ko lemon kwalba ya fi kowa sanin amsar. Da zarar ya ciro kwalba daga cikin ƙanƙara sai jikinta ya jiƙe, alhali ba ta tsage ba. Ruwan da ke cikin iska ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ɗigo. Iska mai zafi tana iya ɗaukar laima da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan. Idan ka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa kusan giram 30, a digiri 20 kusan giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗan ɗori. Duk abin da ya haura wannan dole ya sauka a wani wuri. A jikin fitila, bayanta yana kusa da inji yana shan ɗumi, fuskarta kuwa ita ke fuskantar iska da ruwan sama, don haka ita ce wuri mafi sanyi, kuma a kanta laimar ke kwanciya ta ciki. Kusurwoyi da gefen ƙasa, inda haske ba ya ratsawa sosai, su suka fi riƙe ta.

Su kuwa motocin da muke saye, tafiyarsu ma kanta ta isa ta cika su da laima. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nahiyar Afirka suka nufo. Na yankinmu da yawa daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake loda su, abin da ya sa har sunan ƙasar ya zama sunan kayan. Su yi makonni a kan teku, su sauka Kwatano, su yi zaman jiran mai saye a filayen Sekanji inda iska ke jiƙe sharkaf kusan duk shekara, sannan a koro su arewa tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Malanbil. Bayan rufe iyakar Nijar da Binin a shekarar 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome, amma ita ma Lome bakin teku ce, laimar ɗaya ce. Robar da aka yi fitilar da ita ma takan tsotsi laima kaɗan-kaɗan, ta riƙa sakinta idan ta ji zafi. Saboda haka motar da ta iso jiya, ba abin mamaki ba ne ta yi gumi a safiyoyin farko, kafin busasshiyar iskarmu ta zuƙe abin da ta ƙunso.

A nan ne mu mazauna wannan yanki muke da wata dama da mutanen bakin teku ba su da ita, wato yanayinmu da kansa yana yi mana alƙalanci. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ƙasa ke jiƙe kuma raɓa ke kwanta a kan ganyen gero, kowace fitila tana da uzurin yin gumi da asuba. Amma a watan Janairu, cikin hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa kuma wanki ke bushewa kafin ka juya, iskar Damagaram ko Tawa ba ta da laimar da za ta ba fitila. Idan ka ga motar da ta yi wata biyu a gari, ba a kuma wanke ta a ranar ba, amma kullum fitilarta na gumi a irin wannan lokaci, to akwai ruwan da ke kwance a cikinta a wani lungu da ido bai kai ba. Shi ne yake tashi da rana ya koma ya kwanta da dare.

Na ce ba a wanke ta a ranar ba, domin wanki na daga cikin manyan masu jawo wannan rigima. Yaran da ke kula da motocin sayarwa sukan wanke su kowace safiya don su yi ƙyalli. Idan aka watsa ruwan sanyi a fuskar fitilar da ta sha rana, ko wadda aka kashe ba da daɗewa ba, cikin ƴan mintoci za ta yi fari. Wannan ba laifi ba ne. Inda laifin yake shi ne injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi, idan aka kafa bakinsa daf da gefen fitila ko aka buɗe bonet aka fesa ta baya, domin yana iya tura ruwa ta kafar numfashin ko ta gefen murfi.

Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar ko sisi. A tayar da inji, a kunna ƙaramar wutar gaba, a bar ta kamar minti ashirin zuwa talatin, in da hali ma a ɗan zaga gari da motar domin iska ta ratsa. Gumin lafiya siriri ne kamar hazo, ba ya yin ɗigo, kuma zai fara washewa daga tsakiya inda haske ke fita yana ja da baya zuwa gefe. Kamfanin Ford a littattafan da yake bai wa masu motocinsa ya fayyace cewa siririn gumi marar ɗigo, marar zirin gangarowa, wanda bai rufe rabin fuskar fitila ba, ba matsala ba ne, kuma yana iya ɗaukar kwana biyu a busasshen yanayi kafin ya ɓace sarai. Sai dai a lura da irin ƙwan da ke ciki. Tsohon ƙwai irin H4 ko H7, mai cin wat 55 zuwa 60, yana turo zafi gaba ya gasa fuskar fitila, shi ya sa yake saurin kore gumi. Fitilar LED kuwa zafinta ta baya yake fita, fuskarta na nan da sanyinta ko da ta yi awa guda a kunne. Don haka sabuwar mota mai tsada tana iya fin tsohuwar Starlet daɗewa da gumi, ba don ta fi ta lalacewa ba.

Idan kuwa abin da ka gani ɗigo ne manya-manya, ko zirin ruwa da ya gangaro ya bushe ya bar tabo, ko ruwa kwance a ƙasan fitila yana motsi idan an girgiza mota, to maganar raɓa ta ƙare, fitila ta sami kafa. Kafin a zargi wani babban abu, a leƙa baya tukuna. Sau da yawa murfin robar da ke rufe wurin ƙwai ne aka manta ba a mayar ba bayan an sauya ƙwai, ko aka mayar da shi a karkace, ko ya tsufa ya tsattsage. Wani lokaci kuma ƙwan ne bai zauna daidai a mazauninsa ba. Bayan wannan sai a bi layin da fuskar fitila ta haɗu da jikinta, inda wani baƙin danƙo ke riƙe su. Zafin ranarmu da girgizar hanya sukan sa ya saki a wani gefen. Akwai kuma toshewar kafar numfashin, wadda a wajenmu ba ta da wuya: ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka, ko zanzaro ya sami ɗan bututun ya gina ɗakinsa a ciki, musamman a motar da ta daɗe a ajiye. Laima ta shiga ta wata hanya, ta rasa ta fita.

Ga mai saye, fitila ɗaya mai ruwa alhali ƴar uwarta garau, tambaya ce da ya kamata ya bi diddiginta. Ya sa hannu ya taɓa kunnuwan da ake ɗaure fitila da su, ya ga ko an liƙa su da gam ko an ɗinke da waya. Ya duba ratar da ke tsakanin fitila da bamba da bonet, ya gwada da ta ɗaya gefen. Sau da yawa ruwan fitila shi ne kaɗai shaidar da ta rage ta karon da mai gyaran jiki da mai fenti suka ɓoye da kyau. Haka nan idan fitila ɗaya ta yi jaja-jaja don tsufa, ɗayar kuma tana walƙiya kamar yau aka ƙera ta, an sauya ta ke nan, kuma ba a sauya fitila haka kawai.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa a ɗan ruwa, tun da dai tana kamawa? Madubin da ke bayan ƙwai, wanda shi ke tara haske ya jefa shi kan hanya, shafe ne na sanholo wanda ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Ruwa na daɗewa a kansa sai ya dusashe ya fara ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa. Bakin wayoyi su yi tsatsa kore-kore, ƙwai ya riƙa mutuwa a kai a kai. A motocin da ke da farar wutar nan ta zenon, akwatin da ke ba ta wuta yakan kasance a ƙarƙashin fitila ne, daidai inda ruwa ke taruwa, kuma ƙonewarsa ba ƙaramin kuɗi ba ne. A wasu fitilun LED ma babu ƙwan da za a cire, sai dai a sayi fitilar sukutum.

Wannan duk maganar aljihu ce. Wadda ta fi ta ita ce ta hanya. Ɗan kasuwar da zai ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko mai komawa gida daga Jibiya ko Illela bayan an tashi, yawancin tafiyarsa ta asuba ce ko ta bayan magariba, daidai lokacin da gumi ya fi kauri. Ƙaramar wuta mai lafiya tana haska mita hamsin zuwa sittin ne a gaban mota, motar da ke gudun kilomita 80 a awa kuwa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ke nan tsakanin ganin amalanken shanu marar fitila da isa gare shi, daƙiƙa uku ma ba su cika ba. Ɗigon ruwa a fuskar fitila yana watsa haske ko'ina, ya rage wanda ke sauka kan kwalta, ya kuma kashe wa mai tahowa ido. Abin da ya rage wa direba na lokacin taka birki, shi ake ƙara yankewa.

Mataki na uku shi ne wanda kowane mai saye ke tsoro, wato motar ambaliya. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjon da yawa daga cikinsu, kuma irin wannan gwanjo na daga cikin wuraren da masu kawo motoci Afirka ta Yamma ke saye. A watan Yulin 2021 ma an yi mummunar ambaliya a Jamus da Beljiyam. Ba sai an je nesa ba, a damunar 2024 ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, a Maiduguri kuma madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba ta shanye unguwanni da motocin da ke cikinsu. Irin waɗannan motoci ana wanke su, a busar, a fesa turare, su shigo kasuwa. Fitila na cikin wuraren da mai wanki ba ya iya kaiwa. Alamar ita ce layi miƙaƙƙe a kwance, kamar wanda ruwa ke bari a jikin bango, da ɗan garin laka a ƙasa, kuma yakan kasance a tsayi ɗaya a fitilun biyu, wani lokaci har da na baya. Wanda ya ga haka kada ya tsaya a nan. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya ciro tayar safiya ya duba raminta, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya ga ko akwai tabo, ya leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai. Motar da ta nitse takan yi tafiya lafiya na ƴan watanni, sannan wutarta ta fara hauka ɗaya bayan ɗaya. Kuma tsohuwar mota mai sababbin fitilu biyu fil ita ma abin a yi tambaya ce.

Sai maganar gyara, inda a ganina aka fi yin ɓarna. Abin da aka fi yi a garejojinmu shi ne a samo gam a bi duk wata kafa a toshe, har da ta numfashin. Ranar farko mai mota ya yi murna, bayan mako guda gumin ya dawo ya zauna daram, domin an kulle laimar a ciki. Wasu kuma su ɗauko ƙusa mai zafi su huda ƙasan fitila don ruwa ya tsiyaye. Ruwan kam zai fita, amma da hunturu ya kama, ƙura za ta bi ta nan ta lulluɓe madubi, kuma ba a goge madubin fitila da tsumma. Wanda ya zura ƙyalle a kan waya don ya share ciki, shafen zai kwashe. Akwai masu sa ƙwai mai wat 100 wai don zafinsa ya kore ruwa, ƙarshenta ya narkar da soket ya ƙone madubi. Na baya-bayan nan su ne ƙwayayen LED na kasuwa masu ƴar fanka a gindi, waɗanda ba sa barin murfin baya ya rufu, sai mai gyaran wuta ya jefar da murfin ya bar fitila a hangame. Goge fuskar fitila ta waje kuwa maganin jajayen tsufa ne, ba ruwansa da abin da ke ciki.

Gyaran gaskiya ya fi waɗannan sauƙi. Idan gumi ne mai nacin tsiya, a cire murfi da ƙwai, a juya gaban mota ga rana a wurin da ba ƙura, a rufe ramin da siririn ƙyalle mai tsabta, a bar rana ta yi aikinta na yini guda. Wannan kam Allah Ya hore mana ita kyauta. A zare ɗan bututun numfashi a wanke a mayar. Idan ruwa ne kwance, sai an kwance fitilar daga jikin mota an tsiyaye, an busar, sannan a nemo inda yake shiga. Wanda ya iya aikin yakan ɗumama layin haɗin a hankali har danƙon ya yi laushi, ya raba, ya share tsohon ya sa sabo, ko da yake akwai sababbin fitilun da danƙonsu ba ya sakin jiki da zafi, waɗanda ba kowa ke iya buɗe su ba tare da ya fasa ba. Ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko jaka suna taimakawa na ɗan lokaci idan an maƙala su a cikin murfin baya nesa da ƙwai, amma da sun ƙoshi aikinsu ya ƙare. Kada a taɓa gilashin ƙwai da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana. Fitilar zenon kuwa a bar wa masu ita, domin wutar da ke tayar da ita ta haura bolt 20,000.

Idan fitilar ta wuce gyara har sai an sayi wata, mai sayen ta hannu ya juya bayanta ya tabbatar murfi da bututun numfashi suna nan, ya ɗaga ta ga rana ya ga ko madubin ya dusashe. Ya kuma tambayi inda ta fito, domin fitilar motar Ingila ko Japan an saita ta ne don masu bin hannun hagu. A kan hanyoyin Nijar da Nijeriya, inda ake bin dama, haskenta zai riƙa tashi zuwa idon mai tahowa ya bar gefen hanya cikin duhu.

Ga wanda ya ga mota ta kwanta masa a rai kuma yana da shakka a kan fitilarta, ya fi kyau ya jinkirta biyan kuɗi zuwa washegari. Ya zo bayan sallar asuba, kafin yara su ɗebo ruwan wanki, kafin kuma rana ta taɓa ta, ya riƙo tocila ya haska cikin fitilun huɗu daga gefe, sannan ya sa a kunna wuta ya duba agogonsa.